Zan iya kiwon oktofus a gida?

Tambaya: Na ga oktofus, dabbar nan ta teku mai hannuwa takwas, a YouTube ya burge ni, zan iya sa shi cikin tankin kifina? Mai karatu daga Legas.

Amsa: Gaskiya da wuya malam. Ruwan gishiri yake so, kuma shi kadai, in ka hada su zai cinye kifayen. Ga shi dan guduwa ne, ba shi da kashi, 'yar tsaga kadan ta ishe shi ya fice, a 2016 wani mai suna Inky ya sulale daga tankinsa ta bututu a New Zealand ya koma teku, don haka murfin ya rufu ruf. Kaguwa da jatan lande yake ci. Maganin kifi mai jan karfe kashe shi yake, in Nepa ta dauke famfon tankin ya tsaya ma haka. Yawancinsu shekara 1 zuwa 2 suke yi.