Tsufan kati ba shi ne kuɗinsa ba

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa na taya kwalin katunan besbol na 1990, masu ɗauke da hotunan 'yan wasa, da aka kawo mana shago da 'yan daloli kaɗan, alhali ka ji an sayar da kati guda dala miliyan 12.6. Ka ce ai waɗannan ma sun haura shekara 30. Kallon kitse kake yi wa rogo. Ajiye tsumman nan ka saurara.

A sana'ar nan abin da mutane suka adana ba ya tsada. Wanda suka zubar shi ke tsada. Daga wajen 1987 zuwa 1994 Amurkawa sun riga sun farga cewa tsohon kati yana kawo kuɗi, sai kowa ya shiga saye yana sawa a leda yana ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Su kuma kamfanonin, Topps da Fleer da Donruss da Score da Upper Deck, suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa. Yau duk gidan da ka shiga a Amurka akwai irin wannan kwalin, sabo fil. Wa zai biya ka kuɗi a kan abin da shi ma yake da shi a ɗaki? In ka tsinci katin Ken Griffey Jr. na Upper Deck na 1989 mai lamba 1, ware shi, yana da masu nema. Sauran a kwali ake sayar da su.

Yaran shekarun 1950 kuwa ba su san wani adana ba. Cingam suke saye, katin na ciki. Su jefa shi a bango suna caca da shi, su maƙala shi a wayoyin ƙafar keke don ya riƙa ƙara kamar babur, su ɗaure tarinsu da roba su cusa a aljihu. Yaro ya girma ya bar gida, uwa ta kwashe ta watsa a shara. Shi ya sa a jerin Topps na 1952 katin Andy Pafko mai kyau yake da wuyar samu, ko da yake shi ba wani gwarzo ba ne na a zo a gani. Lambarsa 1, shi ke saman tari, shi roba ke ci.

Katin da ka ji labarinsa na Mickey Mantle ne, ɗan wasan New York Yankees, mai lamba 311 a wannan jerin na 1952. Yana cikin kason ƙarshe da aka fitar kakar besbol ta kusa ƙarewa, hankalin yara ya koma wani wasan, kaya suka yi kwantai. Sy Berger, jami'in Topps da ya tsara jerin, ya ba da labarin cewa daga baya lodin kwalayen aka yi a jirgin ruwa aka juye su a teku. Haɗa wannan da irin son da Amurkawa ke yi wa Mantle, ka ƙara da cewa wannan ƙwayar ta samu maki 9.5 cikin 10 a wajen masu tantance lafiyar kati, shi ne kuɗin da aka biya a gwanjon kamfanin Heritage a watan Agustan 2022. Kuma ka riƙe wannan don kada wani ya kunyata ka a gaban kanta: ba shi ne katin Mantle na farko ba. Na farkon kamfanin Bowman ne ya buga a 1951. Katin shekarar farko ta ɗan wasa yakan fi sauran katunansa daraja, amma a nan kasuwa ta zaɓi na Topps.

Ƙaranci kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da mai so. Akwai katunan da ba su fi a ƙirga da yatsu ba a duniya, amma ba mai tambayarsu, don ba wanda ya tuna mutumin da ke jiki. Honus Wagner na Pittsburgh Pirates ya haɗa duka biyun. Katinsa yana cikin jerin da ake kira T206, wanda kamfanin American Tobacco ya riƙa sawa a kwalin sigari daga 1909 zuwa 1911. Wagner ya hana a ci gaba da buga nasa. Wasu sun ce bai so yara su sayi taba saboda hotonsa, wasu sun ce kuɗi ne ba a daidaita ba. Ko ma mene ne, waɗanda aka san suna nan yau ba su wuce 'yan gomomi ba. A 2022 an sayar da ɗaya dala miliyan 7.25, makinsa 2 kacal. Amma wannan Wagner ne. Ni da kai ba za mu riƙe shi ba, abincinmu yana kan katunan da lafiyar jikinsu ke yanke musu farashi.

To a nan nake so ka sa ido. Kamfanonin tantancewa, PSA da SGC da Beckett, suna ba kati maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a akwatin roba mai garai-garai. Kafin ka kashe kuɗin aikawa, kai ka fara yanke hukunci. Fara da zaman hoton. Farin gefen dama da na hagu su yi kusan daidai, sama da ƙasa ma haka. Injinan da can ba sa yanka daidai, sai ka ga kati bai taɓa shiga hannun yaro ba amma hoton ya karkace, wannan tun daga masana'anta ya rasa maki. Sannan kusurwoyi huɗu, da gilashin ƙara girma, ba da ido tsirara ba. Sannan ka karkata shi a ƙarƙashin fitila. Lanƙwasa siririya kamar gashi ba ta fitowa sai haske ya kwanta mata a gicciye, kuma ita kaɗai tana iya sauko da kati daga 8 zuwa ƙasa da rabin haka. Juya bayansa ka nemi tabon cingam, rubutun biro, ko alamar gam daga littafin da aka taɓa manna shi. Tsakanin maki 7 da 9 a kati iri ɗaya, farashi yana iya ninkawa sau da yawa.

Inda maki ke kawo kuɗi haka, dole a samu masu gyaran dare. Wani ya aske gefe da reza don kusurwa ta yi tsini, wani ya cike inda launi ya goge da alƙalami, wani ya danne lanƙwasa. Kada ka ce manya ba sa faɗawa. Wagner ɗin da Wayne Gretzky, gwanin hokin ƙanƙara na Kanada, ya saya tare da Bruce McNall, mai ƙungiyar da yake yi wa wasa a lokacin, dala 451,000 a 1991, shi ne katin farko da PSA ta tantance, ta ba shi 8. A 2013 dillali Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa shi ya datse gefensa. In ido irin nasu ya ruɗu, kai da ka fara jiya sai ka ninka hattara.

Don haka kada ka goge kati, kada ka sa masa ruwa, kada ka miƙar da kusurwa da farce, ko da kana ganin taimakonsa kake yi. Ka riƙe shi ta gefe, ka sa shi a leda mai laushi kafin mai tauri. Ma'auni kuma ya zauna a aljihunka. Daga 1957 katin Topps inci 2 da rabi ne a faɗi, 3 da rabi a tsawo, na 1952 ya ɗan fi haka girma. In aka kawo maka tsohon kati mai kusurwa kamar yau aka yanka, auna shi, ka ɗora shi a kan wani na shekararsu mai arha da ka tabbatar da shi. In ya gaza ko da kaurin farce ne, kada ka taya, kuma kada ka ce wa mai shi ɓarawo, don sau da yawa shi ma haka ya saya. Ce masa ya jira maigida.