Maman Sani, ki fara ƙirga umarnin da kike ba shi da safe

Sannu da ƙoƙari, ƴar'uwa. Kin ce likita ya tabbatar yaronki na da galahanga, wato autism, kullum sai an yi kokawa kafin ya tafi lakkwal, wato makaranta, har kina tambaya ko bulala ce ta rage. Nawa yaron shekararsa 9, a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi muke, kuma na sha wannan kokawar.

Wata safiya na ƙirga abin da nake ce masa daga asuba zuwa fitarsa: tashi, je ka gaida Baba, durƙusa mana, wanke baki, sha kunu, kar ka zubar, ina takalminka. Kafin ƙarfe bakwai na wuce ashirin. Ni kaina sai da na ji kunya. Irin yaran nan ba taurin kai ke hana su ba, fargaba ce, kowane "yi kaza" ƙarin kaya ne a bayan jakin da ya riga ya gaji. Tun shekarun 1980 wata masaniya a Ingila, Elizabeth Newson, ta lura da yaran da ke gudun ko da abin da suke so, muddin aka ce su yi.

Sai na tace umarnin. Rijiya, murhu, titin da ƴan kabu-kabu ke gudu, nan babu sassauci. Sauran na saki. Wanka ya koma yamma, bayan rana ta ɗumama ruwan bokiti. Gaisuwa kuwa, in ya ɗaga hannu ya isa. Na daina "zo ka ci". Sai in ajiye kwano in ce "ga dambu nan", in koma kan wanke-wankena. Sau da yawa kafin in waiwaya ya zauna.

Sallar bara an ɗinka masa shadda mai aiki a wuya. Ya shafa zaren da yatsa, ya ture. Da a da ne, da mun wuni cikin kuka. Tsohuwar rigarsa mai laushi ya sa, ya bi babansa filin Idi, ya dawo lafiya lau. Uwar mijina ta ce na sangarta shi, kuma gaskiya bakin mutane ya fi yaron wahalar da ni. Har yau ba ta ce na yi daidai ba, amma da ya shiga ɗakinta take rage rediyo.

Akwai ranakun da har yanzu ba ya zuwa lakkwal, ban ɓoye miki ba. Ki samu mushensa, wato malaminsa, ki roƙa ya zaunar da shi kusa da ƙofa, ya bar shi ya fita shan iska in hayaniya ta yi masa yawa.