Tambaya da Amsa: Waya ta hana ni barci

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kabu-kabu ne a unguwar Zariya, Maraɗi, shekarata 24. Kullum na ajiye babur sai in sa forfe na dala ɗari in kwana kallon finafinan batsa. Na sha rantsuwa na daina, in koma. Asuba tana wuce ni, fadarmu ma na daina zuwa. Na haukace ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Ba hauka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kasa kame kai a sha'anin sha'awa cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Damuwa ce ke kai hannunka ga waya, kunya ta biyo baya, rashin barci ya ƙara wa damuwar nauyi, gobe ka sake komawa.

Gudun fadar nan ya fi tsaya mini a rai, don sau da yawa haka ciwon damuwa ke somawa. Ga mai tuƙi kuwa, gyangyaɗi a kan titi haɗari ne. Bayan isha'i ka damƙa wa yayanka wayar, ka koma shan shayi cikin abokanka. In ƙuncin ya wuce mako biyu, ko tunanin cutar da kanka ya zo maka, ka je asibiti wurin likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba.