Amsa ga ƙanenmu kan dalilin da ya sa ake jefa ƙuri'a kafin a fitar da manhaja

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na saurari tambayar da ƙanenmu ya aiko jiya da dare, inda yake cewa ya gyara wata matsala a wata buɗaɗɗiyar manhaja da ke ƙarƙashin gidauniyar Apache, an karɓi gyaran nasa tun makonni biyu da suka wuce, amma har yanzu ba a fitar da sabuwar siga ba, sai ƙuri'a ake ta yi. Yana tambaya, tunda rubutun tushen manhajar a fili yake kowa na gani, me ya hana mutum ɗaya ya maƙala masa lamba a GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhajoji, ya ce ga sabuwar siga ta fito?

Ƙanena, abin da za ka fara riƙewa shi ne, a wurin Apache karɓar gyara daban, fitar da siga daban. Gyaran da aka karɓa yana zaune ne a ma'ajiyar masu aiki, amma ranar da aka ce wa jama'a su sauke su yi amfani, to gidauniyar ce da kanta ta ɗauki nauyin abin da aka fitar. Tun da aka kafa ta a 1999, ɗaya daga cikin manufofinta shi ne kare masu aikin sa kai daga shari'a. Idan wani kamfani ya zo yana da'awar an saka masa rubutunsa ba da izini ba, gidauniyar ce za ta amsa, matuƙar an bi ƙa'ida. Wanda kuwa ya fitar da abu da ƙashin kansa, ya fita daga wannan inuwar.

Ƙa'idar kanta ba ta da tsawo. Mutum ɗaya daga cikin masu aikin yana ɗaukar nauyin shirya fitarwar, ya tattara rubutun tushe a ƙunshi guda, ya sa masa hannu da mabuɗinsa na PGP, wato sa hannu na kwamfuta da ke tabbatar da wanda ya shirya shi, ya haɗa da lambar tantancewa irin SHA-512 wadda za ta nuna ko an taɓa ƙunshin a hanya. Daga nan sai ya kira ƙuri'a, a bar ta a buɗe aƙalla awa 72, domin masu aikin sun warwatsu a duniya, ranar wani daren wani ce. Kafin a fitar, dole a samu amincewar aƙalla mutum uku daga kwamitin da ke kula da aikin, kuma masu amincewa su fi masu ƙi yawa. Kowa na iya faɗin ra'ayinsa, kai ma za ka iya, amma ƙuri'ar 'yan kwamiti kaɗai ake ƙirgawa. Wani abin lura, a kan gyaran rubutu mutum ɗaya na iya hawa kujerar na ƙi idan ya kawo hujjar fasaha, amma a kan fitar da siga babu mai wannan iko, rinjaye ake bi.

Inda nake so ka tsaya da kyau shi ne ma'anar ƙuri'ar. Ɗan kwamitin da ya rubuta +1, wato ya amince, shaida yake bayarwa cewa ya sauke wannan ƙunshin a kwamfutarsa, ya gwada sa hannun da mabuɗin da ke cikin fayil ɗin KEYS, ya buɗe LICENSE da NOTICE, fayilolin da ke bayanin lasisi da haƙƙin mallaka, ya ga sun dace da abin da ke ciki, sannan ya harhaɗa manhajar ya gwada ta. Ni kaina na taɓa zama a kan irin wannan ƙunshi, komai ya tafi daidai, sai a can cikin wata jaka na ci karo da ɗan ƙaramin fayil da aka kwafo daga wani aiki mai lasisin GPL, wanda Apache ba ta yarda a haɗa shi cikin abin da take fitarwa ba. Fayil ɗaya tak, amma sai da aka soke ƙuri'ar, aka cire shi, aka shirya sabon ƙunshi, aka sake ƙirga awa 72 daga farko. Ba wanda ya ji daɗi a ranar, ni ma har da ni.

Ga wanda yake ganin wannan tsanani ne, ya tuna abin da ya faru da xz, wata buɗaɗɗiyar manhajar matse fayiloli da ba ta Apache ba, a watan Maris na 2024. Wani da ke amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taimakawa har aka amince masa ya riƙa fitar da siga. A sigogi 5.6.0 da 5.6.1 ya dasa ɓoyayyiyar kafar kutse, kuma rubutun da ke kunna ta yana cikin ƙunshin da aka fitar ne, babu shi a ma'ajiyar da mutane ke dubawa. Wato ainihin abin da kake cewa kowa na gani, ba shi jama'a suka sauke ba. Sai da wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta SSH na ɗaukar kamar rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi, asirin ya tonu. Ban ce ƙuri'a maganin komai ba ce, domin Log4j, manhajar da ke adana bayanan abin da ke gudana cikin wasu manhajoji, aikin Apache ne, ya bi duk waɗannan matakai, amma a Disamba 2021 aka bayyana mummunan rauninsa. Ƙuri'a ba ta kama kowane kuskure, abin da take toshewa shi ne mutum ɗaya ya fitar da abin da ba wanda ya buɗe.

Sauran manyan ayyuka kowa da tsarinsa. A Linux, tushen wani tsarin gudanar da kwamfuta, wanda ya ƙirƙiro shi Linus Torvalds ne ke yanke hukunci: mako biyu na karɓar sababbin abubuwa, sannan sigar gwaji kowane mako, yawanci bakwai, kafin ta ƙarshe. Debian, wani tsarin kwamfuta da aka gina a kan Linux, na zaɓen shugaba duk shekara, amma akwai tawaga ta musamman da ke dakatar da sauye-sauye ta kuma tsayar da ranar fitarwa. Python kuwa, harshen rubuta manhaja, bayan wanda ya ƙirƙiro ta Guido van Rossum ya sauka daga shugabanci a 2018, ta koma hannun majalisar mutum biyar, tana fitar da babbar siga duk watan Oktoba.

Shawarata gare ka, kada ka zauna jira. Sauke ƙunshin da ake ƙuri'a a kai, ka gwada shi a kwamfutarka, ka tabbatar gyaranka na ciki, ka rubuta abin da ka duba da tsarin da ka gwada a kai. Ƙuri'arka ba za a ƙirga ta ba tukuna, amma idan ka gano matsala za a saurare ka, kuma daga cikin masu irin wannan aikin ne kwamiti ke gayyatar sababbin mambobi.