Amsa ga mai tambaya kan kifin bas da ake zubawa a tafkunan Amurka

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko 'ya'yan kifin bas (wani kifin tafki da kogi da masu fatsa ke so a Amurka) da hukuma ke zubawa a tafkuna, da barbarar da suke yi da kifin wurin, su ne ke sa masu fatsar nishaɗi samun irin kamun da kake gani a YouTube. Shekarata tara a Teksas ina jefa ƙugiya, kuma abin da na gani shi ne girman kifi ne ke ƙaruwa, yawan kamu kuwa sai a hankali.

Tun 1972 jihar Teksas ta fara kawo bas mai babban baki na jihar Filorida tana zubawa a kan ɗan'uwansa na arewa (nau'in arewacin Amurka) da ke ruwanta. Na Filorida ya fi tsawon rai da ƙiba inda ruwa ke da ɗumi. Tafkin Fork na Teksas, wanda aka datse a 1980, shi ya ba da wanda wani mai fatsa, Barry St. Clair, ya kama a 1992, kilo 8 da ɗoriya, kuma har yau babu wanda ya ɗara shi a jihar. Akwai ma shirin ShareLunker tun 1986: in ka kama mai kusan kilo 6, sai ka ara wa hukuma ta samu iri.

Sai dai na Filoridan nan wayo ne da shi. Na taɓa wuni a Fork daga asuba har la'asar sakaliya, kifi biyu kacal suka kula kotona. Ɗayan ya biyo koton har gindin jirgi, ina kallon inuwarsa, ya juya abinsa. Ɗayan na ciro, ya haura kilo 3, na ɗauki hoto na sake shi (na san wannan sakin ne ke ba mutanen gida haushi). A wani ƙaramin kududdufin gona mai na arewa kuwa, kafin azahar hannuna ya gaji da cire ƙugiya, amma duk ƙanana.

Ruwa-biyu na haihuwar farko, wato 'ya'yan barbarar na Filorida da na arewa, sun fi daɗin fatsa, ga girma ga zari. Masu kiwon tarwaɗa da ke haɗa ta da ramboshi sun san wannan. In aka yi ta barbara a tafki ba mai lura, ƙarfin nan dusashewa yake yi.

Ɓarnar da ta fi ci mini rai ta masu satar zubi ce. Wasu sun kai wani nau'i dabam, bas ɗin Alabama, Tafkin Norman a Karolina ta Arewa ba da izini ba, ya danne mai babban bakin da ake zuwa nema. A Tafkin Chatuge, kan iyakar Jojiya da Karolina ta Arewa, kuma ya yi ta barbarar wani nau'in bas mai ƙaramin baki har na asalin ya yi wuyar gani.