Kada ka ci yaro tara don ya yi Hausa a ajin Turanci

Ɗana, na ji tambayarka, kuma na ji daɗi da ka kawo ta tun kana mako na uku da fara gwajin koyarwa. Ka ce an ba ka aji ɗaya na ƙaramar sakandare, yara tamanin. Ka yi musu suna da aikatau da sifa, sun kwafi rubutu har littafi ya kusa cika, kowa ya haddace ma'anar suna kamar karatun allo. Amma in ka ce yaro ya miƙe ya faɗi abin da ya ci da safe, sai ya sunkuyar da kai. Wani abokin aiki kuma ya ba ka shawara ka naɗa monita ya riƙa rubuta sunan duk wanda ya yi "banakula", wato Hausa, a ci shi tara. Kana tambaya ko ka bi shawarar.

Kada ka bi. Ni na yi haka a shekarata ta farko a wata makaranta a nan Katsina, kuma har yau ina nadama. Yaran sun daina Hausa a gabana, gaskiya ne, amma ba su kama Turanci ba. Shiru kawai suka yi. Wata yarinya mai ƙoƙari ta yi zango guda ban ji muryarta ba, saboda ba ta da kuɗin tara kuma tana tsoron a yi mata dariya.

Ka shiga babbar kasuwa ka tsaya a shagon wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan gini. Saurari Hausarsa. Wa ya taɓa rubuta masa wakilin suna a allo? Ya ji "nawa ne", ya ji "rage mini", ya ji "albarka", alhali kayan suna hannu kuma kuɗi na kan tebur. Ma'ana ce ta fara shiga kansa, kalma ta biyo baya. Ya yi kuskure, an yi masa dariya, an gyara masa, ya ci gaba don yana da buƙata. Wannan shi ne tushen sana'armu. Wani masani Ba'amurke, Stephen Krashen, ya shahara da wannan magana a farkon shekarun 1980: harshe yana shiga ne idan mutum yana jin ko karanta abin da yake fahimta, wanda ya ɗan ɗara matsayinsa kaɗan. Ya kuma ce tsoro da kunya suna toshe hanyar shigar. Ban yarda da shi ba inda ya rage wa koyar da nahawu daraja sosai, domin yaranmu za su zauna WAEC da NECO, kuma ba kiredit a Turanci ba jami'a. Amma a kan maganar fahimta da tsoro, shekarun da na yi riƙe da alli sun gaskata shi.

To, ka ga inda darasinka ya karkace. Ka koya musu bayani a kan Turanci, ba ka ba su Turancin ba. Maƙeri ba ya zaunar da yaronsa ya haddace sunayen uwar maƙera da masaba da awartaki har shekara. Zuga yake ba shi, yana gani yana yi, sunayen su zo da kansu.

Yanzu bari mu zo kan kurakuransu, don a nan ne aikin yake, kuma a nan ne ka fi Bature amfani a wannan aji. Da yawa daga kurakuran da ɗan Katsina zai yi a Turanci, Hausarsa ce take leƙowa, kai kuma ka san Hausar.

Ɗauki furuci. Hausa ba ta raba "p" da "f". Mu nan ma har "hwara" muke cewa inda Bakano zai ce "fara", mu ce "tahi" inda zai ce "tafi". Yaron da ya tashi da wannan baki, in ka ce ya faɗi "pan" da "fan", abu ɗaya kunnensa yake ji. Saboda haka kunne za ka fara gyarawa kafin baki. Ka faɗi kalma ɗaya daga cikin biyun, su ɗaga yatsa ɗaya in ta farko ce, biyu in ta biyu ce. Sai sun iya rarrabewa sannan ka ba kowa guntun takarda ya riƙe a gaban leɓensa. In ya faɗi "p" daidai, leɓɓa sun haɗu sun fashe, takarda za ta motsa. In "f" ce, haƙoran sama ne a kan leɓen ƙasa. Haka za ka yi da "best" da "vest". Wasula sun fi wuya. Mu biyar gare mu, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye biyu, wato "ai" da "au". Turancin Ingila kuwa sautukan wasalinsa sun kai ashirin, shi ya sa "cat" da "cut" da "cart" duk suke fitowa iri ɗaya a bakin yaro. Amma ka lura, Hausa tana taimakonka a wani wurin. Yaron da ya san bambancin gari na mutane da gari na tuwo ya riga ya san gajeren wasali da dogo, da shi za ka buɗe masa "ship" da "sheep". Sannan ga cunkoson baƙaƙe. Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, shi ya sa kakanninmu da suka ari kalmomin Turawa suka ce burodi da fulawa da sukudireba. Yaro zai yi wa "school" da "street" irin wannan gyara, yana cusa wasali a tsakani. Ba daƙiƙanci ba ne, dokar harshensa yake bi.

Haka abin yake a ginin jimla. Za ka ga sun rubuta "Musa he went", domin mu "Musa ya tafi" muke cewa, dole sai da "ya". Za su kira mota "she" saboda a wurinmu mota mace ce. Za su ce "I hear smell", domin "ji" ɗinmu ya haɗa sauti da wari da zafi da fahimta. Za su ce "drink medicine" ko da ƙwaya ce, su ce "borrow me your pen" saboda "ara mini". Wanda ya fi rikita su shi ne amsar tambayar korewa. Ka ce da Bahaushe "Ba ka zo ba jiya?" sai ya ce "E, ban zo ba." Bature kuwa "No" zai ce. Wannan kam ban ga hanyar da ta fi ka fito fili ka jera jimlolin biyu a allo, ta Hausa da ta Turanci, su gani da idonsu ba. Minti biyu ya isa. In ka haramta Hausa, ka jefar da wannan makami.

Masana suna da suna ga wannan Turanci na mai koyo. Larry Selinker a 1972 ya bayyana shi a matsayin harshen tsaka-tsaki, mai dokokinsa, yana canzawa yayin da yaro ke ci gaba. In ka ji yaro ya ce "goed" maimakon "went", ka yi murna a ranka, don ya gano dokar shuɗaɗɗen lokaci da kansa, saura ya san inda ba ta aiki. Ka kuma raba tuntuɓen harshe da kuskure na gaske. Na farko, in ka ɗaga gira yaro zai gyara da kansa. Na biyu, bai san dokar ba, sai an koya masa. Abin tsoro shi ne kuskuren da aka bari ya daskare, irin wanda za ka ji a bakin mai digiri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai gyara ma yana da lokaci. Idan darasin na ƙwarewa a kan wata doka ce, gyara nan take. Idan kuwa ka sa yaro ba da labari ne, bar shi ya kai ƙarshe. Ka rubuta kurakurai uku da suka fi yawa a takardarka, a ƙarshe ka sa su a allo ba tare da ka ambaci mai su ba, aji ya gyara.

Ka yi lissafi kuma. Minti arba'in, yara tamanin: ko da ba ka ce uffan ba, rabin minti kowa zai samu. To ina ga kai ne ke magana minti talatin da biyar? Ka haɗa su bibbiyu, kowa da na kusa da shi, su yi tambaya da amsa minti biyar, kai kana zagayawa. Ajin zai yi hayaniya, don haka ka sanar da shugaban makaranta tun da wuri. Saurare da magana su riga karatu da rubutu, kamar yadda suka riga su a Hausarka.

Kada ka ɗauka amfani da harshen gida ra'ayina ne ni kaɗai. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara firamare da harshen uwa ko na yankin, Turanci ya karɓa daga baya. Kafin nan Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife daga 1970, aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma Turancinsu bai gaza na sauran ba. Amma fa ka kiyaye ɗaya gefen. Na ga malaman da suke mai da darasin Turanci fassara zalla, yaro ya zauna ya jira Hausar kawai. Gaisuwa, umarni, yabo, duk ka yi su da Turanci kana nunawa da hannu, kullum da kalmomi iri ɗaya har su zauna. Hausa ka ajiye ta don kalma mai wuya da kwatanta doka.

Tsofaffi za su ba ka labarin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, su ce a da can an iya Turanci. An iya. Amma ɗalibai kaɗan ne zaɓaɓɓu, suna kwana a makaranta, suna jin harshen daga bakin masu shi safe da yamma. Yaranka daga an tashi ba sa sake jin Turanci sai gobe. Don haka kada ka ɓata lokaci a kan manyan kalmomi na burgewa. Kalmomi dubu biyu da aka fi amfani da su sun ɗauke kusan kashi tamanin cikin ɗari na rubutun yau da kullum. Su za ka yi ta juyawa a labari da waƙa da wasa.

Ranar Litinin ka ajiye littafin nahawu. Ka zo da sabulu da ashana da albasa da biro, ka jera a tebur, ka yi ciniki da yaro ɗaya da Turanci suna kallo, sau uku. Ka rubuta jimloli huɗu kacal a allo, sannan ka sake su su sayar wa juna. Zan zo in zauna a bencin baya, in an tashi mu duba abin da ka rubuta a takardarka.