Amsar Tambayoyinku: Cunkoso, Cika, ko Cin Wuri?

Wani malamin kimiyya da ke koyarwa a wata sakandaren ƙauye a yankin Ringim ya aiko da tambaya. Ya ce a darasin kemistiri akwai ma'aunin da ke nuna yawan wurin da ƙwayoyin zarra, wato mitsi-mitsin ƙwayoyin da kowane abu ya ƙunsa, suka mamaye a cikin abu, da wanda ya rage fanko a tsakaninsu. Yana fassara wa ɗalibansa da "cunkoso", amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ko akwai kalmar da ta fi dacewa?

Malam, gara da ba ta kwanta ba. Cunkoso yana tafe da takura da rashin tsari. Ana cunkoso a bakin rijiya da rani, ana cunkoso a tasha ranar kasuwa, wannan na ture wancan. Abin da kake koyarwa kuwa jeri ne, kowace ƙwaya da gurbinta, tsarin yana ta maimaita kansa sahu bayan sahu. Idan yaro ya ji cunkoso, hayaniya zai gani a ransa, ba sahu ba.

"Cika" ma tana da matsala, ko da yake ita ce za ta fara zuwa bakin mutum. Dubi yadda Bahaushe ya ƙawata ta: fal, taf, maƙil, danƙam, har da "ya cika ya batse". Duk cikinsu da'awa ɗaya suke yi, wato babu sauran wuri. To amma mai awo ya san ba haka ba ne. A cika mudu da wake har ya yi tsororuwa, sannan a bubbuga gefensa da tafin hannu: sai ka ga waken ya zauna, bakin mudu ya fito, har ana iya ƙara masa. Bayan an ƙara ɗin, a barbaɗa riɗi a kai, zai sulale ya ɓace a tsakanin waken. Shi ya sa mai saye ke son a girgiza, mai sayarwa kuma yana ɗauke hannu da wuri.

Abin da nake ba da shawara shi ne "kason cin wuri". Ba ƙirƙira na yi daga sama ba. Mun saba cewa "wannan gadon yana cin wuri", ko "matsa da buhun nan, ya ci mana wuri". Kaso kuma kowane ɗalibi ya san shi daga lissafi. Ma'anar ta fito ke nan: a haɗa girman ƙwayoyin da ke cikin ɗan akwati guda na tsarin, wato ɗan yankin da jerin ke ta maimaitawa, a raba da girman akwatin. Amsar ba ta da mita ko kilo, kaso ne kawai cikin ɗari.

Ga yadda alƙaluman suke idan aka ɗauki kowace zarra a matsayin dunƙulalliyar ƙwallo. In an jera su ɗaya a kan ɗaya sak, kashi 52 kawai suke ci, kusan rabin wurin iska ne. Baƙin ƙarfe a yanayin zafi na yau da kullum yana cin kashi 68. Jan ƙarfe da alminiyam da zinariya suna cin 74. Abin mamaki shi ne daimon, wanda ya fi su tauri nesa ba kusa ba, kashi 34 yake ci. Saboda haka ka ja kunnen yaran, kada su ɗauka yawan cin wuri shi ne tauri. In kuwa aka zuba ƙwallaye masu girma ɗaya haka nan babu jeri, aka yi ta girgizawa, iyakarsu wajen kashi 64.

Wannan 74 ɗin ita ce maƙura, kuma tana da tarihi. A 1611 masanin taurari Johannes Kepler na Jamus ya ce babu yadda za a jera ƙwallaye masu girma ɗaya su wuce haka. Faɗa ya yi, bai kawo hujja ba. Sai a 1998 Thomas Hales na Amurka ya gabatar da hujjar, da taimakon kwamfuta, aka kuma gama tantance ta a 2014. Kusan shekara ɗari huɗu ana abu ɗaya.

In kana da maƙeri kusa da makaranta, ka kai su su gani. Tsantsar baƙin ƙarfe idan zafinsa ya kai digiri 912 a ma'aunin Celsius, ƙwayoyinsa kan sake jeri, su tashi daga 68 su koma 74. Jimillar sararin ta ragu, amma ramukan da suka saura sun fi na da faɗi, don haka sinadarin kabon, irin na gawayi, ya fi samun wurin shiga. Da wannan ake sarrafa taurin ƙarfe idan an tsoma shi a ruwa yana ja.

Tambaya ta biyu daga wata ɗaliba ce a wajen Gumel. Ta ce ta ji kakarta tana cewa "cunkus ɗakin tsumma", mene ne nufi?

'Yata, "cunkus" ɗan'uwan "cunkoso" da "cunkushe" ne, tushensu ɗaya. Kalma ce irin ta su fal da maƙil, mai nuna yadda abu yake, sai dai ita ba yabo take yi ba. Ɗakin da aka tara tsummokara ya cika kam, ba wurin sa ƙafa, amma in an kwashe an tantance da wuya a sami abin ɗaurawa a fita da shi. Ana faɗin haka ga taron da ya yi yawa babu amfani, ko maganar da aka cusa mata komai da komai ba kai ba gindi. Ki lura da wanda kike faɗa wa. Kaka in ta faɗa wa jika, wasa ne, amma in kika faɗa game da ɗakin amarya a gaban danginta, sai an kai ga ba da haƙuri.